Za a iya kafa gari na dindindin a tsakiyar teku, ko mafarkin attajirai ne kawai?

Bashir_Kurna:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana da nake so masana a cikinmu su sa baki. Tun 2008 aka kafa wata cibiya a Amurka mai suna Seasteading Institute. Patri Friedman na cikin waɗanda suka kafa ta, attajirin nan Peter Thiel kuma ya ba su dala 500,000 na fara aiki. Burinsu a gina garuruwa masu shawagi a saman teku, mutane su tare can, su hayayyafa can, su tsara wa kansu doka. Har yau ko ƙauye ɗaya ba su kafa ba. Ni dai a ganina ba fasaha ce ta gaza ba, gwamnatoci ne suke yi wa abin ƙafar ungulu don kada mutane su kuɓuce musu. Wanda ya iya kafa injin haƙar mai a ruwa mai zurfin mita 1,000, gina ɗakunan kwana ne zai gagare shi? Me kuka gani?

Maman_Haidar:
Wa alaikumus salam. Malam Bashir, mu da muke kan tudu ma sai mun jira 'yan ga-ruwa da kurarsu, ina ga wanda ya koma inda ruwan duk gishiri ne? 😂

Injiniya_Sadiq:
Malam Bashir, bari in fara da abin da na sani, don a kan irin waɗannan dandamali na teku nake neman abinci. Babban abokin gabarmu tsatsa ce. Iskar teku da gishiri take tafe, kuma ba ta barin komai: ƙusa, makullin ƙofa, matakala, allon wutar lantarki, har fankar na'urar sanyaya ɗaki. Akwai ma'aikatan da ba su da wani aiki sai kankare tsatsa da shafa fenti. Kafin su kai ƙarshen dandamalin, inda suka faro ya sake yin ja. Ƙarƙashin ruwa kuma ana manna dunƙulen tutiya ko alminiyam a jikin ƙarfe don tsatsar ta cinye su ta bar ginin, idan sun ƙare a canza. Ga kuma wasu ƙananan halittu masu ɓawo da ke liƙewa a jiki, su ƙara nauyi, su toshe bututun da ke jawo ruwa.

Jirgin ruwan kasuwanci dole ne a duba ƙasansa aƙalla sau biyu a cikin kowace shekara biyar, sau da yawa sai an fitar da shi daga ruwa gaba ɗaya a ma'aikatar gyara. To gari mai mutum dubu goma ina za ka ja shi ka kai? Mutanen kuma a ina za su kwana kafin a gama?

Sai tambayar da ta fi wannan: wa zai biya? Ka ɗauki Bonga, tashar haƙar mai mai shawagi wadda take kimanin kilomita 120 daga gaɓar Najeriya, ta fara aiki a 2005. An gina ta don ta iya fitar da sama da ganga 200,000 a rana. Wannan man shi ne yake biyan fenti da helikwafta da jirgin da ke kawo shinkafa da tumatir. Gari na masu shago da malaman makaranta me zai sayar da zai ɗauki wannan ɗawainiyar?

Kuma mu ba mazauna ba ne. Makonni muke yi mu koma gida, wasu su karɓe mu. Babu yaro, babu tsoho, babu mai juna biyu. Kowa sai likita ya tantance shi, sai kuma ya yi horon yadda zai fita daga helikwafta idan ta faɗa ruwa.

Bashir_Kurna:
Injiniya, ai ba dole sai da ƙarfe ba. Siminti fa? Kuma akwai gari a tekun Kasfiya a Azarbaijan da mutane suke ciki tun 1949.

Injiniya_Sadiq:
Siminti yana daɗewa fiye da ƙarfe, wannan gaskiya ne. Amma a cikinsa akwai rodi. Gishiri yana ratsawa sannu a hankali, rodin ya yi tsatsa ya kumbura, simintin ya tsage daga ciki.

Tarihi_Madubi:
Garin da Malam Bashir yake nufi shi ne Neft Dashlari, kuma labarinsa ya fi goyon bayan Injiniya. Tarayyar Sobiyet ce ta gina shi saboda mai. Da farko tsofaffin jiragen ruwa aka nutsar aka yi tushe da su, daga baya aka shimfiɗa tituna a kan ginshiƙai har sama da kilomita 200. An yi benaye, da gidan burodi, da gidan kallo, har da lambu da aka yi wa jigilar ƙasa daga tudu. A lokacin da yake tashe ma'aikata dubbai ne a ciki. Yau mafi yawan titunan sun rufta cikin ruwa, saboda da man ya ragu kuɗin gyara ma ya ragu. Su ma mutanensa aikin karɓa-karɓa suke yi, iyalansu suna Baku, babban birnin ƙasar. Sannan wurin ba shi da zurfi sosai, a ƙasan tekun ginshiƙan suke tsaye, ba shawagi yake yi ba.

Barista_Hauwa:
Ni kam zan ɗan tsaya wa Malam Bashir, domin maganarsa ta gwamnatoci tana da tushe. A 1968 wani injiniya ɗan Italiya, Giorgio Rosa, ya gina dandamali mai faɗin murabba'in mita 400 a wajen ruwan Italiya kusa da Rimini, ya ce ƙasa ce mai cin gashin kanta. Ba a yi wata biyu ba 'yan sanda suka mamaye shi, a farkon 1969 sojan ruwa suka tarwatsa shi da nakiya. Wasu kuma suka zuba yashi a kan duwatsun Minerva a tekun Fasifik, a 1972 suka kafa tuta, Sarkin Tonga ya zo ya karɓe. A 2019 kamfanin Ocean Builders ya kafa wani ɗan ɗaki mai kusurwa takwas kimanin mil 12 daga tsibirin Phuket na ƙasar Tailan, wani Ba'amurke da abokiyar zamansa 'yar Tailan suka shiga. Sojan ruwan Tailan suka zarge su da keta 'yancin ƙasa, laifin da hukuncinsa zai iya kaiwa ɗaurin rai da rai ko kisa. Da ƙafa suka tsira, aka janye ɗakin zuwa gaɓa.

Sai dai ba mugunta ce kawai ba, doka ce a rubuce. Yarjejeniyar dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982 ta ba kowace ƙasa mil 12 na teku a matsayin ƙasarta. Daga nan har mil 200 yankin tattalin arzikinta ne, kuma sashe na 60 ya ce ita kaɗai ke da ikon gina tsibirin da hannu ya yi a wurin ko ba da izinin gina shi. Ya kuma ce irin wannan gini ba ya zama tsibiri a idon doka, ba ya da ruwan kansa. Idan ka wuce mil 200, sai ka ɗaga tutar wata ƙasa kamar Panama ko Laberiya, dokarta ce a kanka. Jirgin da ba shi da tuta kuwa, jirgin yaƙin kowace ƙasa yana iya tare shi ya bincika.

Usman_Gwale:
To Sealand fa? Na ji suna sayar da sarauta a intanet, har ka zama wani basarake da 'yan daloli.

Tarihi_Madubi:
@Usman_Gwale tsohon sansanin yaƙin duniya na biyu ne a gaban gaɓar Ingila, Roy Bates ya mamaye shi a 1967. Babu ƙasar da ta amince da shi. A 2006 gobara ta tashi daga janareta, helikwaftar sojan Ingila ce ta zo ta ɗauke wanda ke ciki zuwa asibiti. Yawanci mai gadi ɗaya ko biyu ne a wurin.

Ɗan_Baga:
Jama'a kuna ta maganar Turawa kamar su suka fara zama a ruwa. Mu a tafkin Chadi mun tashi mun ga Buduma a tsibirai da shanunsu masu manyan ƙahoni, suna iyo da su daga wannan tsibiri zuwa wancan. Masuntanmu suna yin watanni a cikin ruwa, can za a kama kifi, can za a yi banda, a ɗure a kwali a kawo Doron Baga. Mata da yara duk suna ciki. Ba injiniya, ba inshora.

Amma Barista, maganarki ta doka ta tuna mini Darak. Da ruwa ya ja baya, masunta daga Najeriya suka bi shi suka kafa garuruwa a inda ya bari, har gwamnati ta kai musu hukuma. A 2002 kotun duniya ta ce wurin na Kamaru ne, a ƙarshen 2003 Najeriya ta janye. Mutane suka kwana a Najeriya suka tashi a Kamaru. Ko inda kake ganin ba kowa, a taswira yana da mai shi.

Injiniya_Sadiq:
Ɗan_Baga, Allah ya ƙara wa masunta albarka, amma tafki daban teku daban. A tafkin Chadi gora kake sa wa ka tura kwale-kwale, ruwan kuma ana sha. A ranar 1 ga Janairu 1995 na'urar da ke kan dandamalin Draupner a tekun Arewa ta auna igiyar ruwa guda ɗaya mai tsayin mita 25.6. Wannan ya kai bene mai hawa takwas. Kuma ko babu irin wannan, motsin yau da gobe yana gajiyar da ƙarfe. A Maris 1980 dandamalin Alexander Kielland na Norwe ya kife, mutum 123 suka rasu cikin 212. Shi ma ba na haƙar mai ba ne a lokacin, masaukin ma'aikata ne, wato irin abin da Malam Bashir yake so a gina. Bincike ya nuna daga wata 'yar walda da ba ta yi kyau ba tsagar ta faro, ta yi ta ci a ɓoye har ƙafa guda ta ɓalle.

Zainab_Ikko:
Duk garuruwan ruwan da ake misali da su a lungun ruwa mai kwanciya suke. Ganvié a Jamhuriyar Benin a tafkin Nokoué take, Nzulezo ta Ghana a tafki, Makoko ɗinmu nan Legas a cikin lagun, wato ruwan da ƙasa ta kare daga igiyar teku. Kuma ba don sha'awa aka zauna ba, mutanen Ganvié gudun masu farautar bayi ne ya kai su. Duk da haka itacen gini daga tudu yake zuwa, garin rogo daga tudu, kasuwar kifinsu ma a tudu.

Ku tuna makarantar nan mai shawagi da Kunlé Adeyemi ya zana a Makoko. An gama ta a 2013 a kan durom na roba kusan 250, duniya ta yi ta yabo, aka yi ta ba da lambobin girma. A Yunin 2016 ta rushe bayan ruwan sama mai ƙarfi. Allah ya kiyaye an riga an kwashe yaran. Ba wata guguwar teku ba ce fa, itace ne ya sha ruwa ba a bi shi da gyara ba.

Maman_Haidar:
Ni har yanzu ba a amsa mini maganar ruwan sha ba. Da abinci. Gero a ina za a noma shi?

Kabiru_Sola:
Hajiya, ruwan sha shi ne mai sauƙi a ciki. Kowace lita ta ruwan teku tana da gishiri kimanin giram 35. Ana tura ruwan da ƙarfi ta cikin wani mataci mai ƙananan ƙofofi, gishirin ya tsaya. Manyan injina na zamani suna cin wuta kilowat 3 zuwa 4 na awa ɗaya kafin su ba da lita 1,000. Gida mai mutum goma, kowa lita 50 a rana, lita 500 ke nan, wutar da 'yan farantan sola za su bayar. Inda gizo ke saƙar shi ne matacin yana toshewa, famfon yana lalacewa, kuma ba kanti a kusa. Ranar da injin ya tsaya, tankinka ne ranka.

Abinci kam babu dabara. Kifi da ganye za a samu, amma hatsi fili yake so, fili kuma a teku da kuɗi ake ƙera kowane taku nasa. Akwai gonar shanu mai shawagi a Rotterdam ta ƙasar Holan tun 2019, sai dai a cikin tashar jiragen ruwa take, abincin shanun daga cikin gari ake kawowa.

Nas_Rabi:
Ku ƙara da asibiti. Mace tana naƙuda jini ya ɓalle, ko yaro ya ƙone, ko tsoho ya samu shanyewar ɓarin jiki, ga iska ta hana helikwafta tashi. Dubi Tristan da Cunha a kudancin tekun Atlantika, wanda ma tsibiri ne na gaske mai ƙasa da gonakin dankali, mutanensa ba su kai 300 ba. Ba filin jirgin sama, tafiyar kusan kwana shida ce a jirgin ruwa zuwa Cape Town. Duk ciwon da ya fi ƙarfin asibitinsu sai an jira jirgi. Sannan bahaya. Mutum dubu a wuri ɗaya, a ruwan da suke zuba ƙazanta daga shi suke jawo na sha. In injin tace ƙazanta ya tsaya kwana biyu, kwalara ba ta neman izini.

Malam_Ɗahiru:
Tunda an kawo ciwo, bari in kawo abin da ke bayansa. Ina maƙabarta? Malamai sun yi bayani a kan wanda ya rasu a jirgi: a yi masa wanka, a sa masa likkafani, a yi masa salla, idan ba a sa ran isa tudu kafin gawa ta canza sai a saka shi a teku. Sun yi saɓani a kan ɗaura masa nauyi. Amma wannan hukuncin lalura ne ga matafiyi. Mutanen da suka zaɓi zama dindindin, tudu kuma yana kusa, sai su riƙa kai mamatansu, ka ga sun koma roƙon ƙasar da suka ce sun rabu da ita. Alwala dai ba matsala, hadisi ya tabbatar ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa kuma halal ne. Alƙibla ce za ta ba da aiki idan garin yana juyawa da iska. Juma'a kuma a Malikiyya tana da sharaɗin zaman dindindin da ginannen masallaci, sai malamai sun zauna a kan ko dandamali ya cika wannan.

Usman_Gwale:
Allah ya gafarta Malam, ke nan liman zai riƙa cewa ku daidaita sahu, ku kuma riƙe ƙarfe. 😅

Malam_Ɗahiru:
Usman, Allah ya shirye ka.

Sani_Fatakwal:
Ba wanda ya ambaci tsaro. A 2020 an sace ma'aikatan jirgi 135 a tekunan duniya, 130 daga ciki a mashigin tekun Gini. Ita kanta Bonga da Injiniya ya ambata, da duk nisanta, 'yan bindigar Neja Delta sun isa gare ta a jiragen gudu a Yunin 2008. Garin da ya ce ba ruwansa da gwamnati, ranar da 'yan fashi suka zo wa zai kira?

Bashir_Kurna:
Na ji duka. Amma ku lura, duk gwajin da Barista ta lissafa ba teku ce ta rushe su ba, hukuma ce. Ko a tsibirin Tahiti na tekun Fasifik an sa hannu da cibiyar nan ta Seasteading a 2017 za a gina a cikin lagun mai kwanciya, a 2018 gwamnati ta ce yarjejeniyar ta daina aiki. Da an bar ɗaya ya yi shekara ashirin da mun san gaskiya.

Barista_Hauwa:
Malam Bashir, a Tahiti mutanen gari ne suka yi bore, masunta suna tsoron a ɓata musu wurin kamun kifi don baƙi masu kuɗi su guje wa haraji. Sannan akwai gwajin da hukuma ba ta rushe ba. A 2020 Ocean Builders suka sayi tsohon jirgin yawon shaƙatawa, Pacific Dawn, suka sa masa suna Satoshi, za su girke shi a ruwan Panama su sayar da ɗakuna. Panama ba ta kore su ba. Inshora ce ta gagara, ga dokar zubar da ƙazanta, ga albashin ma'aikatan da dole su kasance a jirgin ko yana tsaye. Kafin shekarar ta ƙare suka haƙura, daga baya aka sayar da jirgin. A 2022 kuma gidan gwajin da suka ƙera a Panama ya karkace a gaban baƙi wajen bikin nuna shi.

Zainab_Ikko:
Ni fa ina ganin muna haɗa abu biyu. Gidaje masu shawagi da ke jingine da birni suna nan suna aiki. Schoonschip a Amsterdam iyali 46 ne a kan ruwa, amma a cikin magudanar birni, yaransu a keke suke zuwa makaranta. Abin da aka zana wa Busan a Koriya ta Kudu tare da UN-Habitat, hukumar matsugunai ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na mutum 12,000, shi ma a bakin tasha ne, na Maldibs kuma a cikin lagun kusa da Male. Waɗannan faɗaɗa birni ne saboda ƙarancin fili da hawan ruwa, ba gudun gwamnati ba.

Ko cike teku da yashi irin na Eko Atlantic ba ya raba ka da ɗawainiya. Filin jirgin saman Kansai na Japan, wanda aka buɗe a 1994 a kan tsibirin da aka cike, ya nutse sama da mita 11 tun fara aikinsa. A 2018 guguwar Jebi ta malale titin jirgin, wani jirgin dakon mai ya daki gada ɗaya tilo da ta haɗa shi da tudu, dubban mutane suka kwana a ciki. Japan ke nan fa, masu kuɗi da ilmi.

Nas_Rabi:
Barista, yaron da aka haifa a irin garin Malam Bashir ɗan wace ƙasa ne?

Barista_Hauwa:
Yawanci zai bi ƙasar iyayensa, idan dokarta ta yarda da haka kuma an yi masa rajista. Matsalar a jikoki take fitowa, domin wasu ƙasashen ba sa barin ɗan ƙasa ya yi ta gadar da 'yancin ga zuriyar da ba ta taɓa zama a cikinta ba. Bajau Laut, masu rayuwa a kwale-kwale tsakanin Malesiya da Filifin da Indunusiya, da yawansu ba su da takardar kowace ƙasa, ba makaranta ba asibitin gwamnati. A Yunin 2024 hukumomin jihar Sabah ta Malesiya suka rushe musu gidaje a yankin Semporna.

Injiniya_Sadiq:
Malam Bashir, har yanzu ina jiran amsar tambayata ta farko. A ce duk gwamnatocin duniya sun ɗaga maka ƙafa. Me garin zai sayar?

Bashir_Kurna:
Kifi, Injiniya. Norwe ta girke Ocean Farm 1 a 2017, keji mai faɗin mita 110 da ke ɗaukar kifin salmon sama da miliyan ɗaya. Ga injinan wuta masu aiki da iska da ake kafawa a teku, ga masu aiki ta intanet da Starlink ta isar musu ko'ina. Inda sana'a ta je, gari yana bin ta. Haka Neft Dashlari ta faro.

Injiniya_Sadiq:
Wancan kejin mutane ƙalilan ne suke kula da shi, kuma kullum kamfanoni neman rage su suke yi, domin kowane gado a teku ya fi na otal tsada. Mai aiki ta intanet kuma me zai kai shi inda kofin shayi ba ya zama a tebur, alhali zai iya yin aikin a Zariya?

Ɗan_Baga:
Ku dakata, kifi miliyan ɗaya a keji guda? Me suke ba su suna ci? Kuma in an kwashe, banda ake yi ko ƙanƙara?

Kabiru_Sola:
Ƙanƙara, Ɗan_Baga. Da ransu ake ɗebe su a jirgi mai tanki a kai ma'aikata a gaɓa, can ake yankawa. Abincinsu dunƙulallen tsaki ne na garin kifi da waken soya da mai, kuma waken da yawansa daga Brazil ake kawo shi.